Kira Bakwai na Ranar Asabar

Litinin, ƙarfe bakwai na safe

Na sayi littafin nan a shagon bakin ƙofar asibiti don in riƙa rubuta sunayen magungunan Baba da lokacin shansu. Na rubuta biyu, sai hannuna ya zarce.

Yau kwana biyu. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ba ta fita. Maƙwabciyarsa, Maman 'Yan Biyu, ita ta tarar da shi ranar Asabar wajen ƙarfe shida na yamma, da ta je mayar masa da dutsen guga. Yana kwance a ƙasa tsakanin gado da ƙofar banɗaki. Ta ce wayarsa na riƙe a hannunsa na hagu. Sau uku tana faɗa mini wannan. Na san ba da wata manufa take faɗa ba, halinta ne maimaita magana.

Likita ya tambaye ni ƙarfe nawa abin ya fara. Na ce ban sani ba, ina coci wurin koyon waƙa. Ya ce da an kawo shi cikin awannin farko akwai allurar da suke yi, sai ya dube ni, ya fasa ƙarasawa, ya juya takardarsa.

Ina coci. Ai ban yi ƙarya ba.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Yaya ya iso, tafiyar wuni guda a mota. Ya tsaya a kan Baba ya daɗe, hannayensa a aljihu. Da nas ta kawo ledar kayan da aka shigo da Baba da su, na miƙa hannu, sai ya riga ni. Agogo, makullai, waya. Ya ba ni agogon da makullan, ya jefa wayar a aljihun rigarsa.

Bai kalle ni ba. Ya dai ce, "Auta, kin ci abinci?" Na ce na ci.

Laraba, ƙarfe ɗaya na rana

Na koma aiki rabin yini. Oga ya ce in huta, na ce gara in zo.

Aikina ɗaga waya ne. Shekara tara ina zaune a teburin gaba na kamfanin gyaran na'urar sanyaya ɗaki, tsakanin tukunyar fulawar roba da kalandar da ba a canza ba tun bara. Dokar Oga ita ce kada waya ta yi ƙara sau uku ba a ɗaga ba. Ban taɓa karya dokar ba. Har yabona yake yi gaban sababbin ma'aikata.

Yau wata mata ta kira tana faɗa, wai tun safe take nema ba a zo ba, ɗakinta ya zama tanda. Na ba ta haƙuri sau biyar. Da na ajiye, na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada a ji ni.

Alhamis, ƙarfe goma na safe

Baba ya yi magana. Kalma ɗaya: madalla.

Shekara arba'in yana aski, kuma duk wanda ya gama wa sai ya kaɗe masa kafaɗa da tawul ya ce madalla. Yanzu ita kaɗai ta rage masa. Yana jin ƙishirwa, madalla. An juya shi ya ji zafi, madalla. Mutumin gado na huɗu, wani direban babbar mota mai irin ciwon, matarsa ta yi dariya ta ce gara Babanku, nawa mijin abin da ya rage masa zagi ne.

Na shigo da safe a makare, Baba ya ɗago ido ya dube ni ya ce madalla. Malamar da ke koya musu magana ta ce kada in ɗora wa kalmar ma'ana, fita kawai take yi. Ita ba ta ga idonsa ba.

Juma'a, ƙarfe shida na safe

Ban iya addu'a ba. Na durƙusa, gwiwata ta yi ciwo, na tashi.

Asabar, ƙarfe biyu na rana

Daidai wannan lokacin, mako guda.

Bari in rubuta yadda Baba yake, don in yi wa kaina adalci. Tun rasuwar Mama yake kirana a kan komai. Ina almakashinsa. Wane maɓalli ne na ƙara muryar talabijin. Ko ƙwayar hawan jini ta safe ce fara ko ta yamma. Wata rana ya kira ni sau huɗu don ya gaya mini ya ga wani da aka yi wa mummunan aski a hanya. Na sha roƙonsa ya bar ni ranar Asabar daga biyu zuwa shida, lokacin Allah ne. Sai ya ce wannan kwayar taki ta mawaƙan coci ta zama ƙwaya, Auta, kin kamu. Ya yi ta dariyar maganarsa shi kaɗai.

Shekara goma sha ɗaya ina jagorantar mawaƙan cocinmu. Saura mako uku babban taron ikilisiyoyi, kuma ni aka zaɓa in buɗe da waƙa ni kaɗai. Tun ina 'yar shekara sha biyar wani tsohon fasto ya dafa kaina ya ce don wannan muryar Allah ya halicce ni. Na riƙe maganar kamar takardar shaida. Duk abin da ban samu ba a rayuwa, aure ne, karatu mai zurfi ne, sai in ce ba komai, ni na san abin da aka yi ni dominsa.

Na rubuta wannan duka, kuma ban ji an yi mini adalcin ba.

Lahadi, ƙarfe ɗaya na rana

Na je sujada. An yi wa Baba addu'a da suna, mutane suna ta riƙe hannuna, suna cewa Allah ya saka mini da irin yadda nake kula da shi. Wata tsohuwa ta ce 'ya irina sai an tona.

Na tsaya gaban mawaƙa, na ɗaga hannu, mai piyano ya ba da murya. Na buɗe baki, babu komai. Iska kawai. Su suka ci gaba, ni ina motsa leɓe har aka gama. Kowa ya ɗauka damuwa ce.

Da aka zo Jibin Ubangiji, ana raba gurasa, na miƙa farantin ga na kusa da ni ban taɓa ba. Mama Fasto, matar fastonmu, ta gani. Matar nan ba abin da ke wuce ta.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Yaya yana cajin wayar Baba a soket ɗin bayan gado. Wato ya kunna ta. Wato ya duba.

Maganarsa da ni ba ta wuce ta magani da zanin gado. Idan na shigo, sai ya tuna yana da abin saye a waje. Da ma ya zage ni in huta.

Kiran da ke cikin tawa wayar na goge tun daren farko. Na goge, amma na san adadinsu.

Talata, ƙarfe takwas na safe

Bakwai.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Mama Fasto ta zo asibiti, ta gaishe da Baba, ta ce in raka ta bakin titi. Ba mu kai titin ba, ta zaunar da ni a benci bayan ɗakin wanki, inda injuna ke ƙara.

Na gaya mata. Ban yi niyya ba, fita ya yi. Wayata na kan piyano, tana haske. Na ga sunan Baba. Na ga na farko, na ga na biyu. A na uku muna daidai wurin da muryata ke hawa sama, wurin da na fi so, sai na miƙa hannu na kifa ta. Ban ma daina waƙar ba. Kira na farko biyu da minti goma, na ƙarshe uku saura kwata. Daga cocin zuwa gidansa tafiyar minti goma sha biyar ce a ƙafa.

Na jira ta ce ai ba ki sani ba. Kowa haka zai ce. Ta gyara ɗankwalinta, sannan ta ce ba za ta ce ban yi komai ba, tunda ni da ita mun san na yi. Ta ce ban yi nufin cutar da shi ba, amma na ga ubana yana nemana na zaɓi muryata, kuma abin da ke ci na ke nan.

Na ce to Allah ya karɓe muryar, ya yi daidai.

Ta ce, "Ke kika naɗa kanki alƙali? Yesu bai hau gicciye don masu ƙananan laifuffukan da za a iya sharewa da tsumma ba. Irin naki ya ɗauka. Amma ke kin fi son ki riƙe abinki ki yi ta dukan kanki da shi, don ko a nan ma ke ce a gaba."

Na ji haushinta sosai. Ta yi mini addu'a a gajarce, ta ce akwai mutum biyu da suka fi ta cancantar jin wannan maganar, ta tafi.

Alhamis, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Malama mai koyar da magana ta ji an ce ni mawaƙiya ce. Ta ce masu irin ciwon Baba wani lokaci kalmar da ta ƙi fitowa a magana takan fito a waƙa, musamman tsohuwar waƙar da suka sani tun ƙuruciya. Ta ce in gwada masa minti goma kullum.

Na ce maƙogwarona na ciwo. Ta ce ba taro za ki yi wa ba, mutum ɗaya ne, ko da muryar kwaɗo ce ta isa.

Na ce sai gobe.

Juma'a, ƙarfe uku na yamma

Har yanzu ina jin haushin Mama Fasto. Har yanzu ban sami inda ta yi kuskure ba.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Ban je koyon waƙa ba. Karo na farko cikin shekara goma sha ɗaya.

Na tarar da Yaya a wurin ajiye motoci, zaune cikin motarsa, ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a waje. Na tsaya a rana na ce masa na san ya ga wayar, ya faɗi abin da zai faɗa. Na ce sau bakwai ne, kuma ina gani na kifa.

Sai ya ciro wayar Baba, ya buɗe, ya miƙo mini. Sunana sau bakwai, a jere. A ƙarƙashinsu, kafin nawa su fara, sunansa sau biyu. A samansu, bayan nawa sun ƙare, sunansa sau ɗaya.

Ya ce yana kallon ƙwallo da abokai. Ya ce a ransa, tsohon nan zai ce talabijin ta ƙi kamawa, Auta na kusa, ta ji da shi. Ya ce shekara shida ke nan yana cewa Auta ta ji da shi. Ya ɗauke wayar ne don kada in ga sunansa, kuma yana guje mini ne don ya kasa haɗa ido da ni.

Na ɗauka zan ji sauƙi. Ban ji ba. Laifin bai rabu biyu ba, kowa da nasa cikakke. Amma na zagaya na shiga motar, muka zauna, ya kunna fanka. Rabon da in ga Yaya yana kuka tun ranar da aka binne Mama.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Mun gaya wa Baba, mu biyu, bayan an ja labule. Yaya ya fara, ya kasa, na ƙarasa. Ban rage komai ba, har wurin da muryata ke hawa sama na faɗa.

Ai ya sani. Shi ne ya yi ta danna wayar da hannun da bai saba ba. Abin da bai sani ba shi ne mun gani.

Bai ce madalla ba. Ya rufe ido, ya juya fuskarsa bango.

Litinin, ƙarfe ɗaya na rana

Ya ƙi karɓar cokali daga hannuna. Nas ce ta ba shi.

Talata, ƙarfe ɗaya na rana

Haka ma yau. Na wanke masa ƙafa, na shafa mai, bai janye ba, bai kuma dube ni ba. Yaya ya koma bakin aikinsa, ya ce zai dawo Juma'a. Ya kira ni sau biyu daga hanya.

Na yi addu'a da safe. Ba doguwa ba. Na ce Ubangiji, ga shi, na gaji da ɗauka, kuma ban san me zan yi da kaina ba in ba waƙar nan. Ban ji wata murya ba. Na dai tashi na dafa ruwan shayi.

Laraba, ƙarfe goma sha biyu na rana

Fuskarsa na bango, sai na ga ai ya fi sauƙi a haka. Na ja kujera na fara waƙar da Mama ke yi in tana shara, tsohuwar waƙar coci ta godiya wadda yara ma sun daina yi. Muryata ta fito a shaƙe kamar ta mai mura. Da a gaban mawaƙana ne da na tsayar da kowa na ce a sake.

Na yi baiti na farko sau uku. A na huɗu na ji wani abu a ƙarƙashin muryata. Na ɗauka injin gado na biyu ne. Baba ne. Yana bin karin, baki a rufe. Da muka zo ƙarshen layin, inda sunan Yesu yake, ya buɗe baki ya faɗe shi. Sarai, ba gargada.

Malama na bakin ƙofa, ta ɗaga mini hannu alamar kada in tsaya. Muka sake. Ya ƙara kalma biyu.

Bai juyo ba. Amma da aka kawo abinci ya buɗe baki.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Matar direban gado na huɗu ta ja ni gefe ta ce ko zan yi wa nata mijin, ko Allah zai sa ya sami abin faɗa ban da zagi. Na ce ban san waƙoƙinsa ba. Ta ce ta hanya yake so, irin ta direbobi, ta rera mini kaɗan tana jin kunya. Na koya a tsaye a baranda.

Direban ya zage ni sau biyu, sannan ya kama amshi. Ɗakin duka aka yi ta dariya, har nas. Matar ta fita da gudu tana share ido.

Malama ta ce marasa lafiyarta sun kai talatin a ɗakuna uku, ita kaɗai ce, kuma ba ta iya waƙa ba ko kaɗan. Ba ta roƙe ni komai ba. Ta dai faɗa.

Asabar, ƙarfe bakwai na yamma

Na je coci na miƙa waƙar buɗe taro ga wata matashiya a cikin mawaƙa, ma'aikaciyar banki, wadda na daɗe da sanin muryarta ta kai, ina ta ajiye ta a layin baya. Wannan ma wani laifin ne da ban taɓa ƙirgawa ba. Ta rungume ni har na kusa faɗuwa.

Fasto ya tambaya ko horon kaina nake yi. Na ce da farko haka na so, amma yanzu ba shi ba ne. Ban bar mawaƙa ba. Na ce masa shekara ashirin da wani abu ina tsammanin an ba ni murya don a ji ni, kuma sai a makon nan na ga abin da take yi in na sa ta ƙarƙashin ta wani. Ya ce in je in yi wa marasa lafiyar Malama waƙa, coci za ta nemo mini mutum biyu masu haƙuri su taya ni.

A hanyar dawowa na yi kukan waƙar buɗe taron. Ina sonta har yanzu. Ba zan ɓoye wa littafin nan ba.

Talata, ƙarfe uku na yamma

An sallami Baba. Hannun dama likita ya ce kada mu sa rai sosai. Ƙafar tana ɗan ja da sanda. Da an kawo shi da wuri, wataƙila da yanzu yana riƙe da kofinsa da kansa. Wannan ba zai canza ba, ko an gafarta mini ko ba a gafarta ba, kuma zan riƙa ganinsa kullum da safe.

Na kwaso kayana na dawo ɗakinsa na waje. Yaya ya sa an kafa ƙarfen dafawa a banɗaki, kuma ya ce duk ƙarshen mako biyu zai zo in samu in fita. Oga ya yarda in riƙa tashi ƙarfe biyu ranar Talata da Alhamis saboda asibiti. Malama ta ba ni sunaye goma sha ɗaya, da waƙar da iyalin kowa suka ce yana so.

Lahadi, ƙarfe goma na safe

Yau ake buɗe taron. Mu muna gida.

Na zaunar da shi a kujerar bakin taga, na haɗa masa shayi, muka yi sujadarmu mu biyu. Na karanta, na yi addu'a, muka yi waƙa uku. Yanzu kalmominsa sun kai ashirin in a waƙa ne, a magana kuwa biyar ko shida, kuma sai ya yi gumi kafin ɗaya ta fito.

Ban shirya tambayar ba. Na durƙusa ina gyara masa silifa, sai na ji na ce, "Baba, ka yafe mini?"

Ya dube ni. Bakinsa ya yi ta motsi, jijiyar wuyansa ta tashi. Na ga madalla tana zuwa, na ga ya danne ta, ya girgiza kai. Ya sake gwadawa. Ya fi minti guda, ban taimake shi ba, Malama ta hana.

Ya ce, "Tun... tuni."

Na kifa kaina a gwiwarsa. Ya bar ni na ɗan lokaci, hannunsa na hagu a kan ɗankwalina. Sannan ya ƙwanƙwasa kofin da farce, ya tura mini shi. Shayin ya huce. Na tashi na ɗora wani.